Kafin likita ya raɗa wa ciwon suna, ya fara jin sunan da mai shi ya ba shi

Kwanan nan na saurari wata muhawara a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, maganganu biyu kuma suka tsaya mini a rai. Wani ma'aikacin lafiya ya ce babbar matsalarsu jahilcin jama'a ce, ka gaya wa dangi ɗansu ciwon ƙwaƙwalwa ke damunsa, su ce maka aljanu ne ko asiri aka yi masa. Wani kuma ya mayar masa da cewa wannan cutar damuwa da ake ta yayatawa ƙirƙirar Turawa ce, mai imani da dangi a kusa ba ya kamuwa da ita.

Duk su biyun sun yi kuskure, kuma marar lafiya ne ke biyan kuɗin kuskuren. Ciwon gaskiya ne, babu al'ummar da ta tsira daga gare shi. Amma yadda mutum ke jin sa, kalmar da yake faɗinsa da ita, wanda yake fara kai wa kuka, har da sunan da likita zai rubuta a kati, duk akwai hannun al'ada a ciki. Saboda haka ni a ganina likitan da bai tambayi mutum yadda shi da danginsa suka fahimci ciwon ba, rabin gwaji ya yi. Haka kuma dangin da suka fake da fahimtarsu suka hana a duba marar lafiya a asibiti, da ransa suke wasa.

Ciwon da ke zuwa ta jiki

Da wuya mai tsananin damuwa ya shiga ɗakin likita ya ce baƙin ciki ya kawo shi. Abin da zai ce shi ne kansa na zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, zuciyarsa na bugawa, wani abu na yawo a jikinsa, barci ya ƙaurace masa, gaɓoɓinsa duk sun mutu. Sai a ba shi maganin zazzaɓi ko na ƙarin jini, ya tafi, bayan mako uku ya dawo da kuka iri ɗaya.

An daɗe ana cewa wannan halin mutanen da ba su waye ba ne, wai ba su iya bayyana abin da ke zuciyarsu ba. Wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 1999 ya rushe wannan zato. An duba masu zuwa ƙananan asibitoci a ƙasashe 14, aka tarar kashi 69 cikin ɗari na masu cutar damuwa da ciwon jiki kaɗai suka zo. Da aka tambaye su kai tsaye game da halin da zuciyarsu ke ciki, kashi 11 ne kawai suka musanta. Kukan jiki kuma ya fi yawa a wuraren da marar lafiya ba shi da likita guda da ya saba da shi. Wato mutane sun san abin da ke ransu, suna dai kawo wa asibiti abin da suke ganin asibiti ke karɓa ne, kuma ba sa kwance wa baƙo cikinsu.

A 1980 Arthur Kleinman, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, ya duba mutum 100 a lardin Hunan na ƙasar Sin waɗanda likitocinsu suka ce raunin jijiya ke damunsu. Ya ga 87 daga cikinsu sun cika sharuɗɗan cutar damuwa. Aka ba su magani, da yawa alamominsu suka ragu, amma kukansu bai yanke ba. Waɗanda suka ce sun samu sauƙi sosai galibi su ne waɗanda aka warware musu wata matsala ta wurin aiki ko ta gida. Sunan raunin jijiya ya ba su hanyar neman taimako ba tare da an kira su mahaukata ba, a lokacin da furta ɓacin rai ke iya jawo wa mutum zargin siyasa.

Masu magana da harshen Shona a Zimbabuwe suna da kalmar kufungisisa, ma'anarta yawan tunani. A Koriya akwai hwa-byung, ciwon fushin da aka danne har ya zama zafi da nauyi a ƙirji. Mu kuma kalmar damuwa ce ke ɗauke da kaya iri-iri: wanda makullinsa ya ɓata yana cikin damuwa, wanda ya yi wata uku bai iya tashi daga shimfiɗa ba shi ma damuwa ce. A ɗaya gefen sai hauka, kalmar da ba wanda ke so a jingina wa gidansu. Duk wanda ciwonsa ya faɗa tsakanin waɗannan kalmomi biyu, sai ya rasa sunan da zai nemi taimako da shi.

Nan ne takardun tambayoyin da ake gano cutar damuwa da su ke tuntuɓe. Wadda aka fi amfani da ita, PHQ-9, tambaya 9 ce a kan makonni biyun da suka wuce, kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla 27, daga maki 10 kuma ake zargin cutar. Idan aka fassara ta kalma da kalma, kuskure na zuwa ta fuska biyu. Mutumin da tarbiyyarsa ta koya masa ya ce da sauƙi ko yana kan gargarar mutuwa, zai ci maki 3 a sallame shi. Mai juna biyu ko mai ƙarancin jini kuwa za ta tara maki a tambayoyin gajiya, barci da cin abinci, alhali zuciyarta lafiya lau. Takardar rariya ce kawai, tana nuna wanda ya kamata a zauna da shi. Ba ta yanke hukunci.

Littafin likita ma yana da garinsu

Har yau babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da cutar damuwa ko sikizofireniya, wato taɓin hankali mai daɗewa da ke zuwa da ruɗi da jin muryoyin da babu su. Ana gane su ne ta hanyar alamomi, tsawon lokacin da suka ɗauka, da yadda suka hana mutum gudanar da rayuwarsa. Manyan kundaye biyu ake bi: DSM na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, da ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya. Kwamitoci ne ke zama su ja layi, kuma layin nasu ba ya haɗuwa ko'ina. ICD na neman alamomin sikizofireniya su kai wata 1, DSM na neman ciwon ya kai wata 6. Jimamin mamaci da ya ƙi ƙarewa, ICD ya fara kiransa cuta bayan wata 6, DSM kuma sai bayan wata 12 ga babba. Su kansu kundayen sun ce a auna da abin da al'ummar mutum ta saba, domin tsawon makoki ba ɗaya ba ne a duniya.

Wani nazari da aka fitar a 1972 ya kwatanta asibitocin New York da na Landan. Likitocin New York suna rubuta sikizofireniya kusan ninki biyu na takwarorinsu na Landan. Da aka sa likitoci masu horo ɗaya suka duba marasa lafiyar da tambayoyi iri ɗaya, mafi yawan bambancin ya ɓace. Harshe ɗaya suke yi, amma makarantar da ta yaye su ta bambanta, sai sunan cutar ya bambanta.

Akwai kuma inda son zuciya ya shiga littafin baro-baro. A 1851 wani likita a kudancin Amurka, Samuel Cartwright, ya rubuta cewa gudun da bayi ke yi daga iyayengijinsu cutar ƙwaƙwalwa ce. A Ingila ta yau, alƙaluman gwamnati na nuna ana tsare baƙar fata a asibitin ƙwaƙwalwa ba da son ransu ba fiye da ninki uku na fararen fata. Dalilan suna da yawa, ciki har da talauci, wariya da jinkirin zuwa asibiti, amma yadda ma'aikaci ke fassara ɗaga murya, tsoro ko maganar addini daga wanda ba irinsa ba yana cikin abin da masana ke tuhuma.

Masu cewa ai ƙwaƙwalwa ɗaya ce ko'ina

Wannan hujjar likitoci ce, kuma tana da nauyi. Sikizofireniya na samun kusan mutum 1 cikin 300 a duniya, ba ta tambayar yare ko addini, maganinta kuma yana aiki a jikin kowa. Na yarda.

Sai dai ciwo ɗaya ba ya nufin rayuwa ɗaya da ciwon. Tanya Luhrmann ta jami'ar Stanford da abokan aikinta sun yi hira da mutum 60 masu jin muryoyi, 20 a Kalifoniya, 20 a Accra, 20 a Chennai ta Indiya. Amurkawan sun fi bayyana muryoyin a matsayin farmaki da azaba, alamar ƙwaƙwalwa ta lalace. Na Chennai da yawa muryar dangi suke ji tana yi musu faɗa ko tana sa su aikin gida. Na Accra da dama sun ce muryar Ubangiji suke ji. Mutum 60 ba su isa a gina doka a kansu ba, amma sun isa su nuna cewa ma'anar da mutum ya ba muryar tana shafar tsoron da yake ji, tsoron kuma shi ke kai wasu ga cutar da kansu.

Sannan magani sai an sha yake aiki. Wanda aka ce masa fahimtarsa shirme ce zai karɓi ƙwayar cikin ladabi, ya yi godiya, ya je ya ajiye ta.

Masu cewa cutar Turawa ce

Fiye da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rarrabe baƙin ciki gida biyu: mai sanannen dalili kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya hana shi walwala da motsi. Ya ce na biyun yana da tushe a jiki, yana kuma buƙatar magani tare da lallashi. Ba daga Turai ya koyo wannan ba.

A duk shekara sama da mutum 700,000 ke kashe kansu a duniya, kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin samu. Imani da dangi garkuwa ne, wannan ba musu. Amma mai imani na kamuwa da ciwon suga, haka yake kamuwa da wannan. Cewa mai cutar damuwa imaninsa ne ya yi rauni ƙarin kaya ne a kan wanda jin laifi da ganin kansa ba shi da amfani suna cikin alamomin ciwonsa tun asali.

Yadda ake tambayar

Abin da nake kira gare shi ba sabo ba ne. Kleinman ya tsara tambayoyi 8 tun 1978, DSM kuma ya saka jerin tambayoyi 16 na irin wannan a bugunsa na 2013. Za a ce ma'aikacin da layi ke jiransa ba shi da lokacin wannan. Gaskiya ne, amma guda biyar sun wadatar, ba sa cin minti biyar: Me kuke kiran wannan abin a gida? Me kake ganin ya jawo shi, kuma me ya sa yanzu? Me ya hana ka yi wanda da kake yi? Ina da ina aka je kafin nan, me aka ba ka? Me ka fi tsoro a kansa?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambaya ta biyu ce ke fito da bashi, dukan miji, korar aiki ko rasuwar da ba a gama jimaminta ba. Ta huɗu kuma ke fito da jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin da ake sha, waɗanda wasunsu ke karo da maganin asibiti. Kalmar da mutum ya yi amfani da ita, a riƙe ta a ci gaba da magana da ita. Idan ya ce tunani ne ya yi masa yawa, a ce masa akwai maganin yawan tunani.

Haka aka yi a Harare, babban birnin Zimbabuwe. Likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibiti, suna zama 6 da mai kufungisisa, suna taimaka masa ya jero matsalolinsa, ya zaɓi guda, ya tsara yadda zai tunkare ta. A gwajin da aka wallafa a 2016, bayan wata 6 kusan kashi 14 cikin ɗari ne na waɗanda suka zauna a bencin ke da sauran alamomin cutar damuwa, a rukunin da bai zauna a bencin ba kuwa kusan rabi.

Wuri mafi wuya shi ne bambance imani da ruɗin ciwo. Mutum ya ce an yi masa asiri. A inda kowa ya yarda da asiri, wannan magana ita kaɗai ba alamar cuta ba ce. Abin yi shi ne a tambayi wani ɗan uwansa mai irin imaninsa: yadda yake faɗin nan, ku ma haka kuke gani? Sau da yawa za su ce a'a, nasa ya wuce gona da iri, yanzu har mahaifiyarsa yake zargi, ya daina cin abincin gida, yana kwana a tsaye. Sai a duba ko halinsa ya sauya daga yadda aka san shi, ko ya bar aiki da wanka, ko maganarsa ta daina haɗuwa. Kuskuren na iya zuwa ta kowane gefe: baƙon likita ya ɗauki imani a matsayin hauka, ko likitan gida ya ɗauki hauka a matsayin imani ya sallami mutum.

Tafinta ma abin lura ne. Kada miji ya fassara wa matarsa, kada yaro ya fassara wa uwarsa, domin abin da ya fi muhimmanci shi ne za a tace. A samu ko minti biyu ne da marar lafiya shi kaɗai, a tambaye shi ƙarara ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi.

Inda ba a jira

Akwai alamomin da ko me dangi suka ɗauka, asibiti ake nufa a ranar. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin sa'o'i ko kwana biyu, mutum bai san inda yake ba, da rana ya lafa da dare ya rikice, musamman da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, yawanci ciwon jiki ne ya taɓa ƙwaƙwalwa: sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, faɗuwar suga, ko barin giya kwatsam ga wanda ya saba. Waɗannan suna kisa cikin kwanaki, kuma suna da magani.

Mai jego da ta daina barci, take sambatu ko take tsoron jaririnta a makonni biyun farko, ita ma gaggawa ce. Wannan ciwo yana samun mace 1 zuwa 2 a cikin haihuwa 1,000, yana warkewa sosai idan an kama shi da wuri, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jaririn. Wanda ke ɗauke wuta na minti ɗaya ko biyu, yana taune-taune ko lalube, ya dawo bai tuna komai ba, a duba farfaɗiya, domin ba kowace farfaɗiya ke kayar da mutum ba. Wanda ya haura shekara 40 sannan ya fara gane-gane a karon farko, a fara bincikar jikinsa. Sai wanda ya furta kashe kansa, ko ya daina ci da sha.

Ko a ciwon da ba na gaggawa ba, jinkiri yana da tsada. Bincike da dama sun nuna cewa gwargwadon daɗewar mutum cikin taɓin hankali ba magani, gwargwadon wahalar dawowarsa daidai.

Mari da sarƙa fa?

Wannan ce hujja mafi ƙarfi a kaina. Za a ce girmama fahimtar jama'a shi ke barin mutane a gidajen da ake ɗaure su, ana dukansu, ana hana su abinci da sunan korar abin da ya shige su. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton samun ɗaurarrun masu taɓin hankali a ƙasashe 60. Ɗauri da duka zalunci ne, babu al'adar da ke wanke su, doka ce ya kamata ta hau kan mai yin su.

Amma raina masu maganin gargajiya da na addini bai taɓa kwance kowa daga mari ba. Can jama'a ke fara zuwa, saboda suna kusa, suna sauraro, suna kuma amsa tambayar da asibiti ba ya amsawa, wato me ya sa ni. Likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954 a Aro kusa da Abeokuta, inda ya sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyawa, kowa da ɗan uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A 2020 likitan ƙwaƙwalwa Oye Gureje da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke ziyartar marasa lafiya a wuraren masu magani suna ba da maganin asibiti a can. Bayan wata 6, waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi.

Haɗin gwiwar na da sharaɗi: ba ɗauri, ba duka, ba hana abinci, ba a cewa a bar magani, kuma duk alamar gaggawa a miƙo nan take. Dangi ba sai sun bar addu'arsu ko sun sauya fahimtarsu kafin a fara magani ba. Ya isa a ce musu, ku ci gaba da roƙon Allah, wannan kuma zai sa ya yi barci, muryoyin su lafa.

Abin da ke rusa wannan amana galibi rashin bayani ne a kan maganin kansa. Maganin cutar damuwa ba ya nuna aiki sai bayan mako 2 zuwa 4, wani lokaci 6, alhali tashin zuciya ko jiri na iya zuwa tun kwanakin farko. Wanda ba a gaya wa haka ba zai yar da shi a kwana na biyar ya ce ba ciwon asibiti ba ne. Bayan an ji sauƙi ana ci gaba aƙalla wata 6, a janye a hankali. Kafin a fara kuma a tambaya ko mutum ya taɓa yin kwanaki ba barci ba gajiya, yana surutu da ɓarnar kuɗi, domin mai irin wannan ciwon idan aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai yana iya birkicewa.

Tsofaffin magungunan taɓin hankali irin su haloperidol kuma, a kwanaki biyar na farko suna iya murɗe wuya, su kafe idanu sama, su zaro harshe, musamman ga samari. Dangin da suka ga haka ba a gargaɗe su ba za su ce abin ya tashi, allura ta fusata shi, su ɗauke ɗansu cikin dare. Alhali illar magani ce da aka sani, akwai allurar da ke kwance ta cikin mintoci, daga nan a rage adadin ko a sauya wani. Bayanin wannan ba ya wuce minti biyu, kuma a ranar farko ake yin sa, a gaban wanda ke da ta cewa a gidan, tare da faɗa musu inda za su zo idan ya faru da tsakar dare.